Sanya amfilifaya a babbar mota: Abin da ya kamata a sani kafin a taɓa batir

Tsakanin Paris da Lyon akwai tafiyar fiye da kilomita 450 a kan babbar hanyar A6, ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi ɗaukar kaya a Faransa. Tirela, wadda dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade wa gudun kilomita 90 a sa'a, tana shafe sama da sa'o'i biyar kafin ta cinye wannan tazara, kuma wajibi ne direbanta ya huta na minti 45 bayan tuƙin sa'o'i huɗu da rabi. A yini guda doka ta yarje masa tuƙin sa'o'i tara. Mafi yawan wannan lokaci shi kaɗai yake a kan motar, ba shi da abokin hira sai rediyo.

Tun ranar 1 ga Yulin 2015 Faransa ta haramta wa mai tuƙi maƙala abin sauraro a kunne, ko don kiɗa ko don amsa waya. Wanda aka kama zai biya tarar Yuro 135, a kuma cire masa maki uku daga lasisinsa. Ke nan duk abin da direba zai saurara, labarai ne ko karatu ko sharhin ƙwallo, sai ta lasifikar motar. Rediyon da ke zuwa da mota kuwa sau da yawa ba ya iya rinjayar rugugin inji da ƙarar tayoyi da hucin iska, shi ya sa wasu direbobi ke ƙara amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti.

Wannan buƙata ba baƙuwa ba ce ga direban da ke zirga-zirga tsakanin Legas da Kano, ko tsakanin Kwatano da Maraɗi. Da yawa daga cikin manyan motocin da ke kan waɗannan hanyoyi a Turai suka fara aiki kafin a sauke su a tashoshin jiragen ruwan Afirka ta Yamma, don haka tsarin wutarsu ɗaya ne da na waɗanda ke bin A6. Kuma a kan tsarin wutar ne aikin yake yin kyau ko ya ɓaci: kuskure a cikinsa na iya kashe batura, ya ƙona na'urar, ko ya tayar da gobara a wurin da direba ke kwana.

Mene ne aikin amfilifaya?

Amfilifaya tana karɓar siririn sauti daga rediyo, ta ja wuta daga batir, ta mayar da sautin mai ƙarfin da zai girgiza lasifika. Duk ƙarfin da ta fitar, daga batir da altaneta ta ɗebo shi, har da ƙari, domin wani kaso na wutar yana zama zafi a jikinta.

Yawancin rediyoyin mota ana rubuta musu wat 50 sau huɗu a kwali, amma ƙarfin da suke iya riƙewa ba tare da sautin ya dagule ba bai cika wuce wat 15 zuwa 20 ga kowace lasifika ba. Adadin da ya kamata mai saye ya duba shi ne wanda aka yi wa alamar RMS, wato ƙarfin da na'ura ke bayarwa a ɗore. Manyan lambobin da ake bugawa da jan rubutu, irin su wat 3,000 a jikin na'urar da ba ta fi tafin hannu biyu ba, ƙarfin ƙiftawar ido ne ko kuma zallan talla. Akwai ƙa'idar gwaji ta Amurka mai suna CEA-2006, wadda ke auna ƙarfin amfilifaya a bolt 14.4 da lasifika mai om 4, da sharaɗin gurɓatar sauti kada ta wuce kashi 1 cikin 100. Na'urar da ke ɗauke da wannan alama ta fi sauƙin kwatantawa da wata.

Ya kamata kuma a san cewa kunne ba ya lissafi irin na mita. Ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, bambancin da ake ji amma ba mai yawa ba. Kafin mutum ya ji sauti ya ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wanda ke buƙatar ƙarfi ninki goma.

Ma'aunan da suka fito daga Lyon da Paris

Ana bayyana ƙarfin kowane fis da ke cikin mota da lamba da harafin A. Wannan harafi na sunan André-Marie Ampère ne, wanda aka haifa a Lyon a 1775, ya kuma yi koyarwa a Paris. A 1820 ya gabatar wa Cibiyar Kimiyya ta Faransa bincikensa kan yadda wutar da ke gudana a waya ke ja ko ture wata, kamar yadda maganaɗisu ke yi. A kan wannan alaƙa ta wuta da maganaɗisu kowace lasifika ke aiki. A taron masana lantarki na duniya da aka yi a Paris a 1881 ne aka amince da amfiya a matsayin ma'aunin yawan wutar da ke gudana, tare da bolt, ma'aunin ƙarfin turin wutar, da om, ma'aunin turjiyar da wuta ke gamuwa da ita.

Lissafin da ke haɗa su gajere ne: bolt sau amfiya shi ke ba da wat. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin kowane mataki da ke tafe.

Lyon ce kuma cibiyar ƙera manyan motoci a Faransa. A can Marius Berliet ya kafa kamfaninsa, ya gina babbar masana'anta a Vénissieux, kuma motocin Berliet ne suka ratsa hamadar Tenere ta Nijar a wata shahararriyar tafiya tsakanin 1959 da 1960. A 1978 aka haɗe Berliet da Saviem a ƙarƙashin Renault, a 2001 kamfanin Volvo na Sweden ya saye sashen, kuma har yau hedikwatar Renault Trucks tana Saint-Priest, a gefen Lyon.

Bolt 24: inda babbar mota ta bambanta

Ƙananan motoci da a-kori-kura irin su Hilux da bolt 12 suke aiki. Manyan motocin Turai, irin su Renault da DAF da MAN da Scania da Volvo, da bolt 24 suke aiki, ta hanyar haɗa batura biyu masu bolt 12 a jere. In inji na aiki, altaneta kan kai wutar kusan bolt 28.

Mafi yawan amfilifayoyin mota da ke kasuwa, daga na Pioneer da Alpine da Kenwood har na Focal, kamfanin da Jacques Mahul ya kafa a 1979 wanda ke yankin Saint-Étienne kusa da Lyon, don bolt 12 aka ƙera su. Wanda ya jona irin wannan na'ura kai tsaye a bolt 24 zai ƙona ta nan take.

Akwai wata dabara da ta yaɗu a gareji, ta ɗebo bolt 12 daga batir ɗaya cikin biyun. Na'urar za ta kama, sauti zai fito, mai mota ya biya ya tafi, illar kuwa sai daga baya. Batirin da ake ja daga gare shi yana ƙarewa fiye da ɗan'uwansa, alhali altaneta wuta iri ɗaya take tura musu tunda a jere suke. Sai ɗaya ya riƙa zama bai cika ba, ɗayan kuma yana shan caji fiye da kima har ruwansa ya ƙone. Ƙarshenta duka biyun su mutu kafin lokacinsu, kuma bibbiyu ake sauya su.

Hanyoyi biyu ne masu aminci. Ta farko, a sayi amfilifayar da aka ƙera don bolt 24, irin wadda ake sa wa manyan motoci da bas-bas da jiragen ruwa. Ta biyu, a sa na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12, wadda za ta iya ɗaukar duk abin da amfilifayar ke ja har da rara. Yawancin manyan motoci suna zuwa da irin wannan na'ura a cikin kan mota, amma ƙarama ce, don rediyo da soket ɗin cajin waya aka yi ta, ba za ta ɗauki babbar amfilifaya ba.

Lissafin waya da fis

A ɗauki amfilifaya mai wat 400 na RMS, irin wadda ake kira Class D, wadda ba ta ɓarnar wuta sosai. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ta ja zafi yake zama, don haka tana buƙatar kimanin wat 500 in an ƙure ta. A bolt 12.5, amfiya 40 ke nan. A ɓangaren bolt 24 kuwa, amfiya 20 da ɗoriya ne. Wannan ya sa ya fi dacewa a ja doguwar wayar da bolt 24, a ajiye na'urar rage wutar kusa da amfilifayar, ta yadda wuta mai yawa gajeriyar tafiya kawai za ta yi. Tsofaffin amfilifayoyi na Class AB kusan rabin wutar suke mayarwa zafi, abin da ya kamata mai aiki a Sakkwato ko Agadas ya yi la'akari da shi a watan Afrilu.

A Faransa da sauran Turai ana auna kaurin waya da milimita murabba'i. Ga wutar amfiya 40 da za ta yi tafiyar mita huɗu ko biyar, waya mai kaurin 16 zuwa 20 ta jan ƙarfe zalla ta wadatar. A kula da wayar da ake sayarwa da araha, mai alamar CCA: alminiyum ne aka shafe da jan ƙarfe, kuma abin da yake ɗauka bai fi kashi biyu cikin uku na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai ɗauka ba. In aka kankare bakin wayar aka ga fari a ciki, ita ce. Araha ba ta ado.

Fis shi ne abu mafi arha a duk aikin, kuma shi ne mafi muhimmanci. Wayar yake karewa, don haka a bakin batir ake sa shi, kada ya wuce santimita 30 zuwa 45 daga kan batir mai alamar tarawa. Baturan babbar mota na iya fitar da ɗaruruwan amfiya in waya ta goge ta taɓa ƙarfen mota. Ba tare da fis ba, wayar za ta yi ja kamar garwashi tun daga batir har inda ta goge, ta kunna duk abin da ta ratsa. Fis ɗin da ke jikin amfilifaya ba ya hana wannan, domin yana can ƙarshen wayar. Kuma ba a sa fis da ya fi ƙarfin wayar, balle a maye gurbinsa da guntun waya ko takardar sigari in ya ƙone.

Bin waya a motar da kanta ke kifewa

Kafin a fara aiki, a kashe mota, a jira 'yan mintoci kwamfutocinta su rufe, musamman a motocin da ke amfani da ruwan AdBlue, waɗanda ke zuƙe ruwan daga bututu bayan an kashe inji. Sannan a cire kan batir mai alamar debewa tukuna. Direban da ke aiki a Turai ya san cewa na'urar da ke rubuta sa'o'in tuƙinsa tana ajiye bayanin duk lokacin da aka yanke mata wuta, don haka yana da kyau a riƙe takardar garejin da ya yi aikin.

A manyan motocin Turai direba a saman inji yake zaune, kuma kan motar kifewa yake yi gaba idan za a yi gyara. Baturan kuwa a jikin shasi suke. Dole wayar ta bi ta gaba, wajen da kan motar ke juyawa, inda wayoyin kamfani suka bi, a bar mata rara. Wanda ya ratsa da ita ta baya don gajarta hanya, ranar da makanike ya kifar da kan motar za ta tsinke. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, a sa ta a cikin bututun kariya, a ɗaure ta nesa da salansa da duk wani abu mai motsi.

Wayar da ke mayar da wuta, wadda masu wayarin ke kira at, kaurinta ya zama ɗaya da na wadda ta kawo wutar. A ƙaramar mota ana ɗaure ta a jikin ƙarfen da aka kankare wa fenti, kusa da na'urar. A babbar mota kan yana zaune ne a kan roba da balan-balan na iska, don haka ba kowane ƙarfe ne ke da kyakkyawar hanya zuwa batir ba. Kamfanonin ƙera motoci suna fitar da littafin jagora ga masu ɗora bodi, wanda ke nuna inda aka yarda a ɗebi wuta da inda za a ɗaura at, kuma suna hana huda gefunan shasi ko yi masa walda barkatai.

Sai siririyar wayar kunnawa, wadda galibi shuɗiya ce mai ratsin fari. Ita ke sa amfilifaya ta kama idan an kunna rediyo, ta mutu idan an kashe. In ba a haɗa ta daidai ba, na'urar za ta kwana tana shan batir tare da firji da hita, gari ya waye mota ta ƙi tashi.

Haɗa sauti da saita shi

In rediyon yana da mafitar RCA a bayansa, da ita ake kai sauti. In babu, ana ɗauka daga wayoyin lasifika, ko dai zuwa amfilifayar da ke karɓar irin wannan sauti, ko ta wata ƙaramar na'ura da ke rage shi. Wayar sauti ta bi gefe ɗaya, ta wuta ta bi ɗaya gefen. Kukan da ke tashi a lasifika yana bin ƙarar inji, yawanci alama ce ta at mara kyau ko wayoyin da suka haɗu. A motocin zamani kuma rediyo na haɗe da kwamfutocin mota ta tagwayen wayoyi murɗaɗɗu da ake kira CAN. Yanka su da sunan neman wuta na iya dagula allon direba gaba ɗaya.

Yawancin lasifikokin mota om 4 ne. In aka haɗa biyu gefe da gefe a mafita ɗaya, sun koma om 2, kuma amfilifayar da ba a ƙera don haka ba za ta yi zafi ta ɗauke.

Maɓallin da aka rubuta wa Gain shi aka fi yi wa mummunar fahimta. Aikinsa daidaita amfilifaya da ƙarfin sautin da rediyo ke turowa. In aka murɗa shi ƙarshe, sautin zai dagule tun kafin ya yi ƙarfi, kuma dagulallen sauti shi ke ƙona lasifika. Ana saita shi da mita: a cire lasifikokin, a kai rediyo kashi uku cikin huɗu, a kunna sautin gwaji, a murɗa a hankali har a kai adadin da ake so. Ga wat 100 a om 4, bolt 20 ne, domin 100 sau 4 ya ba da 400, kuma 20 sau 20 ne ke ba da 400. Daga nan a saita matatar sauti wajen lamba 80, yadda amo mai kauri zai tafi wufa, muryoyi su tafi lasifikokin ƙofa.

Wurin ajiye na'urar ya zama mai iska. Ƙarƙashin katifar direba, inda ake cusa bargo da kaya, ba wurinta ba ne, kuma a ƙasashen da ake hunturu mai ƙura ya kamata a riƙa share ta.

Motocin da ba a yi wa wannan aiki da ka

Tankokin mai da gas da sinadarai a Turai suna ƙarƙashin yarjejeniyar ADR, wadda aka sanya wa hannu a Geneva a 1957. Ta tanadi yadda wayoyin irin waɗannan motoci za su kasance, da babban makunnin da ke yanke wutar batir gaba ɗaya. Wayar da aka ja kai tsaye daga batir ta tsallake wannan makunni, ta bar wuta a raye a lokacin da ake ɗura fetur. Hatsarin ɗaya ne ko a Lyon tankar take ko a Apapa.

Motoci masu aiki da lantarki, irin waɗanda Renault Trucks ke ƙerawa a Faransa tun 2020, suna da wayoyi masu ruwan lemo da ke ɗauke da ɗaruruwan bolt. Ƙwararren da aka horar kaɗai ke kusantar su. Direban da ke tuƙa motar kamfani kuma sai da izinin mai ita, domin sauya wayarin na iya shafar garanti da inshora idan gobara ta tashi.

Doka da lafiyar kunne

Dokar hanya ta Faransa ta hana mota fitar da ƙarar da za ta dami masu amfani da hanya ko mazauna gefenta, kuma tarar Yuro 135 ce. A 2022 aka fara gwajin na'urorin kama masu ƙara a titunan Avron da Cardinet na Paris, da garin Bron da ke gefen Lyon, da wasu garuruwa. An fi auna su ga babura da motoci masu fasasshen salansa, amma sun nuna inda hukumomi suka dosa. Tun Janairun 2021 kuma wajibi ne manyan motoci su liƙa alamar da ke gargaɗin masu keke da masu tafiya a ƙasa game da wuraren da direba ba ya gani. Inda ido bai kai ba kunne ne ke aiki, kuma direban da ya cika kan motarsa da kiɗa ba zai ji ihun mai keke ko jiniyar motar asibiti ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na iya sauraron sauti mai desibel 80 na sa'o'i 40 a mako ba tare da illa ba. A desibel 90 lokacin ya ragu zuwa sa'o'i huɗu, a desibel 100 kuwa minti 20. Direban Turai na iya tuƙin sa'o'i 56 a mako guda, takwaransa na Afirka ta Yamma sau da yawa ya fi haka. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa, kuma alamarsa ta farko ita ce ƙugi a kunne bayan an kashe mota.

Saboda haka wanda burinsa ya ji murya tangaran, sau da yawa sauya lasifikokin ƙofa da liƙa tabarmar rage ƙara a cikin ƙofofin sun ishe shi, ko ƙaramar amfilifaya mai wat 50 ga kowace lasifika. Wanda kuma ya yanke shawarar sa babba, ya tambayi mai wayarin abubuwa huɗu kafin ya miƙa makulli: daga ina zai samo bolt 12, a ina zai sa fis kuma mai amfiya nawa, wace irin waya zai yi amfani da ita, kuma ta ina za ta bi idan an kifar da kan mota. In amsar ta farko ita ce daga batir ɗaya, gara a nemi wani garejin.